Ƙuryar Zuciya da Zangunan Kurmi: Ina Masu Yayin Freud Suka Dosa?

Wani yayi ya shigo fagen tarken adabin Hausa, kuma kamar kowane yayi, masu ɗaukarsa sun fi masu fahimtarsa yawa. Yayin kuwa shi ne na ɗauko ra'in Sigmund Freud, likitan nan na birnin Biyana da ya rayu daga 1856 zuwa 1939, a kifa shi a kan kowane littafi da kowace waƙa da kowace tatsuniya, kamar yadda ake kifa akurki a kan 'yan tsaki. Mai nazari zai buɗe kundinsa da babin ra'i, ya jero kalmomi uku da ya haddace, wato id da igo da sufa-igo, sa'an nan ya shiga farauta. Duk inda ya ga sanda ko takobi sai ya ce ga namiji. Duk inda ya ga rijiya ko tukunya sai ya ce ga mace. Duk inda ɗa ya saɓa wa ubansa sai ya buga tambari, ya ce ga Idifus na Girkawa ya bayyana a ƙasar Hausa. Da ya gama sai ya rufe kundi a sa masa hannu, littafin da aka ce an nazarta kuwa yana nan yadda yake, ba a ji ko kalma guda daga bakinsa ba.

Tun da wuri bari mu faɗi matsayinmu, don kada a yi mana fassarar da ba mu nufa ba. Ba mu cikin masu cewa a kori Freud daga aji. Ra'insa yana da babban amfani guda ɗaya ga matarki, wato yana koya masa sauraron abin da matani ya ƙi faɗa. Ƙorafinmu shi ne, masu yayin sun karɓi kalmomin ra'in sun bar kunnen da ya zo da shi. Da sun karɓi kunnen, da sun ji cewa shirun da ya fi kowane ƙara a adabin da muke koyarwa ya shafi wasu Hausawa ne da suka haura shekara ɗari suna zaune a Fatakwal da Anaca da Inugu, ya kuma shafi abin da ya faru tsakaninmu da maƙwabtansu daga 1966 zuwa yau.

Me Freud ya ce?

Ginshiƙin ra'in ba shi da wuyar fahimta. Freud ya ce abin da mutum ya sani game da kansa ƙalilan ne, akwai wani sashe mai faɗi na zuciya da mai shi bai san abin da ke ciki ba. Shi da kansa ya taɓa kwatanta lamarin da ɗakuna biyu da mai gadi a tsakaninsu. Mu a nan sai mu ce zaure da ƙurya. A zaure ake karɓar baƙi, a nan ake ajiye tunanin da ba a jin kunyarsa. A ƙurya kuwa ake tura sha'awa da tsoro da laifi da baƙin cikin da zuciya ba ta iya ɗauka, wannan turawar ita ce dannewa. To amma abin da aka danne bai mutu ba. Yakan saɗaɗo ya fito da ɓad-da-kama lokacin da mai gadi ya yi gyangyaɗi: a mafarki, a suɓutar baki, a barkwanci, a ciwon da likita ya rasa dalilinsa. Littafinsa kan fassarar mafarki da ya fito a 1900 ya nuna hanyoyi biyu na wannan ɓad-da-kama. Ta farko ita ce dunƙule abubuwa da yawa a sura guda. Ta biyu ita ce ɗauke zafin magana daga inda ya dace a ɗora shi a kan wani abu na gefe.

Duk Bahaushen da ya ji wannan bayani zai ce ai ba baƙo ba ne. Wanda ya ce labarin zuciya a tambayi fuska, ya san cewa baki yana ɓoyewa fuska tana tonawa. Wanda ya ce an bar jaki ana dukan taiki, ya gama bayanin hanya ta biyu a jimla guda. Habaici da zambo da hannunka-mai-sanda duk dabaru ne na faɗar abin da ba a faɗa kai tsaye. Malamanmu na zaure kuma sun daɗe da karanta wa almajirai cewa mafarki iri uku ne: na gaskiya, da na firgitarwar Shaiɗan, da wanda zancen zuci ne kawai mutum ya kwana da shi. Kashi na ukun nan shi ne gonar da Freud ya nome. Haka nan Imam Gazali da sauran malaman tarbiyyar zuciya sun yi dogon bayani kan rai mai umurni da mugun aiki, da rai mai zargin kansa, da rai mai natsuwa, ɗaruruwan shekaru kafin a haifi likitan Biyana. Ba muna cewa waɗannan da id da igo abu ɗaya ne ba, domin tushensu daban, manufarsu daban. Abin da muke cewa shi ne, ɗalibin da ya zo wa ra'in Freud hannu rabbana, kamar bai gaji komai ba, ya wulakanta gadonsa, ya kuma rasa ma'aunin da zai gane inda ra'in ya dace da inda ya kauce.

Idifus a gidan kishiyoyi

Inda ya fi kaucewa kuwa shi ne inda masu yayin suka fi ƙauna. Freud ya ɗauko tsohon wasan kwaikwayon Girkawa na sarkin da ya kashe ubansa ya auri uwarsa cikin rashin sani, ya ce kowane yaro yana ɗauke da irin wannan buri a ƙuryar zuciyarsa. Wannan ikirari ya sha suka tun marubucinsa yana raye. A 1927 Bronislaw Malinowski ya nuna cewa a tsibiran Trobriand, inda iko a kan yaro yake hannun kawunsa, ƙullin da yaro yake yi a zuci kawun yake nufa, uba kuwa abokin wasa ne. A 1966 Marie-Cécile da Edmond Ortigues, waɗanda suka yi aiki da marasa lafiya a asibitin Fann na Dakar, suka lura cewa a can uba ya saje da kakanni, ya yi nisan da ba a ja da shi, don haka kishin yakan koma kan 'yan'uwa da tsara.

To yaya gidan Bahaushe? Gida ne da uwa take kunyar ɗanta na fari, ba ta kiran sunansa, sau da yawa ma kaka ko gwaggo ce take riƙonsa bayan yaye. Gida ne da yaro yake iya tashi da iyaye mata biyu ko uku ko huɗu, ya san ɗakinsu ya san ɗakin da ba nasu ba. Harshenmu yana da kalma guda da ta tattara zafin wannan gida, wato 'yan'ubanci, kuma tatsuniyoyinmu cike suke da bora da mowa, da 'yar bora da 'yar mowa, da kishiyar uwa mai tura marainiya rafi. Mai nazarin da ya tsallake wannan duka ya tafi neman uba da uwa da ɗa guda ɗaya tilo irin na masu hali a Biyana ta ƙarshen ƙarni na 19, ya ɗauko zanen aro, kuma an san zanen aro ba ya rufe katara.

Gwaji a kan Jiki Magayi

Bari mu gwada a kan littafin da ya fi kowane jan hankalin masu farautar Idifus, wato Jiki Magayi na John Tafida Wusasa da Rupert East, wanda ya fito a tsakiyar shekarun 1930. Malam Shaihu attajiri ne marar haihuwa. Ya sa dukiyarsa ya aure Zainabu, wadda ke da alkawari da saurayinta Abubakar. Abubakar ya sha alwashin ramuwa, ya sha wahalar duniya har ya samo asirin da ya lalata ɗan da aka haifa, Kyauta. Yaro ya tashi ɓarawo, ya zubar da mutuncin gidansu, daga ƙarshe ya zama ajalin mahaifinsa. Ɗa ya kashe uba! Nan take mai yayi zai yi kabbara ya rufe littafi.

Amma me aka danne a wannan labari? Babu inda Kyauta ya nuna yana takara da ubansa a kan uwarsa. Abin da gidan Malam Shaihu ya tura ƙurya shi ne zaluncin da aka gina gidan a kansa: an sa kuɗi an karya alkawari, an ƙwace wa talaka abin da yake nasa, aka yi biki aka ci aka sha, kowa ya yi kamar ya manta. Uba ya ɗauki abin wani da rana tsaka, da shaidu da goro, jama'a suka kira abin aure. Ɗa ya tashi yana ɗaukar abin mutane da dare, aka kira shi ɓarawo. Hannun ɗan yana faɗar abin da bakin uban ya ƙi faɗa. Sunan littafin kansa ya gaya mana haka. Wannan karatu ma na Freud ne, domin dawowar abin da aka danne ce, sai dai an same shi ta hanyar sauraron littafin. Tambarin Idifus da an buga da ya rufe shi ruf.

Wannan labari bai tsaya a Arewa ba. Cyprian Ekwensi, Ibo ne da aka haifa a Minna a 1921, ya ji Hausa tun yana yaro, ya sake ba da shi da Ingilishi a 1962 da sunan An African Night's Entertainment, kuma Neil Skinner ya yi nazarin kusancin littattafan biyu. A yadda Ekwensi ya kawo shi, attajirin ya yi mafarkin wani doki a kasuwa da wani ya riga shi tayawa, shi kuma ya ƙara kuɗi ya saye. Ga dunƙulewa ga karkatarwa a fili: mace ta zama doki, aure ya zama ciniki. Ekwensi bai tsaya nan ba. The Passport of Mallam Ilia labarin ramuwa ne da taurarinsa 'yan Arewa ne, Burning Grass kuma labarin Fulani makiyaya ne da ciwon yawon da ya kama dattijonsu. Mutumin nan shi ne ya riƙe ofishin yaɗa manufofin Biyafara a ƙasashen waje lokacin yaƙi, kuma a Inugu ya rasu a 2007. Wato ga marubucin Gabas wanda Arewa ta cika masa ƙuryar zuciya, har ta yi ta fitowa a alƙalaminsa. Sai mu juya tambayar: ina Gabas take a alƙalaminmu?

Waɗanda ba su cikin manhaja

Ba don babu abin rubutawa ba ne. Tun wajen ƙarshen ƙarni na 19 mafarautan giwa Hausawa suka kafa zango a Elele, kusa da inda Fatakwal take yanzu. An gano kwal a yankin Udi a 1909, Turawa suka kafa tashar jiragen ruwa ta Fatakwal don fitar da shi, layin dogo ya isa Inugu a 1916, daga baya ya haɗe da Arewa ta Makurɗi. Ta wannan hanya da ta kogin Kwara fatake suka yi ta gangarawa da shanu da wake da albasa, suna haurowa da manja. Suka kafa unguwanni da masallatai da makarantun allo, suka naɗa sarakunan Hausawa, suka yi auratayya. A shekarun 1950 Malam Umaru Altine, falken shanu daga lardin Sakkwato, ya zama magajin garin Inugu na farko a ƙarƙashin jam'iyyar NCNC, a garin da mafi yawan masu zaɓe Ibo ne. Rayuwar wannan bawan Allah kaɗai ta isa ƙagaggen labari mai juzu'i biyu.

Sai 1966 ta zo. A Janairu aka kashe Sardauna da Abubakar Tafawa Ɓalewa da manyan hafsoshin Arewa. A Mayu, sa'an nan a Satumba da Oktoba, aka kashe dubban 'yan Gabas a garuruwan Arewa, maƙwabta da abokan ciniki da mata da yara, sauran suka tsere gida. A Gabas aka huce a kan 'yan Arewa mazauna can, kuma a Oktoba gwamnan soja na yankin, Odumegwu Ojukwu, ya umurci waɗanda ba 'yan yankin ba su fice. Mutanen da aka haifa a Anaca, waɗanda ba su san wani gida ba, suka tsinci kansu a tashoshin Arewa suna tambayar hanyar garin kakanninsu. Yaƙi ya ɓarke a Yuli 1967. Inugu ta faɗi a Oktoban shekarar, Anaca a Maris 1968 bayan an yi asarar sojoji masu yawa wajen ƙoƙarin ƙetare Kwara, Fatakwal a Mayu 1968. Yunwa ta kashe yara ba adadi a cikin Biyafara. A Janairu 1970 aka ajiye makamai, Janar Gowon ya ce babu wanda ya ci babu wanda aka ci. Sannu a hankali Hausawa suka koma zangunansu na Gabas, Ibo suka koma Sabon Gari, kowa ya buɗe rumfarsa.

Marubutan Gabas ba su yi shiru ba. Elechi Amadi, ɗan yankin Fatakwal, ya fitar da Sunset in Biafra a 1973. Flora Nwapa ta fitar da Never Again a 1975, Chukwuemeka Ike ya fitar da Sunset at Dawn a 1976, Ken Saro-Wiwa ya fitar da Sozaboy a 1985, har zuwa Chimamanda Adichie, wadda ba a haife ta ba sai bayan yaƙin, da Half of a Yellow Sun a 2006. Suna ta juya abin, suna kuka, suna zargin wasu, suna zargin kansu. A namu ɓangaren waƙa ce ta ɗauki yaƙin, kuma mafi yawanta waƙar zuga soja ce da kirarin nasara da zambo ga madugun tawaye. Ita ma ta yi aikinta a lokacinta. Zube ya taɓo ɓurɓushin yaƙin a littafi irin Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare a 1982, inda makami da ta'addanci suka biyo mutane gida. Amma a duba jerin littattafan da ake karantawa a azuzuwanmu daga sakandare zuwa jami'a, a nuna mana tauraron da aka haifa a zangon Anaca, ko matar da ta baro kabarin mijinta a Fatakwal, ko mutumin Kano da ya ɓoye maƙwabcinsa Ibo a rumbu, ko wanda ya nuna ƙofar da aka ɓoye shi. Taurarinmu sun je Bagadaza, sun je birnin aljannu, sun ƙetare Sahara. Gadar Anaca ce ta gagare su.

Abin ban sha'awa ga mai kunnen Freud shi ne yadda sunan Anaca ya shigo tarkenmu. A shekarun 1990, lokacin zazzafar muhawarar littattafan soyayya, Ibrahim Malumfashi ya yi musu laƙabi da Adabin Kasuwar Kano, yana kwatanta su da ƙananan littattafan da aka riƙa bugawa a kasuwar Anaca tun daga ƙarshen shekarun 1940. Aka yi shekaru ana kai ruwa rana a jaridu, Abdalla Uba Adamu da wasu suna mayar da martani. Muhawara ce mai amfani. Sai dai a lura: an tuna da kasuwar a matsayin ma'auni, ba a tuna da Hausawan da ke kasa kaya a gefenta ba. Haka kuma sunan da muke kiran maƙwabtan nan da shi a bayan idonsu, wanda aka ce ya samo asali daga yadda suke roƙon ruwan sha da harshensu. Kullum muna furta shi, ba ma jin ƙishirwar da ke cikinsa. Su ma can sun mayar da kalmar aboki, wadda ta fi kowace daɗi a harshenmu, ta zama ta raini. Harsuna biyu, kowanne ya ɗauki kalmar ɗaya ya juya ta. Ina matanin da ya fi wannan buƙatar mai tarke?

Bindiga bindiga ce

Ga gargaɗi ga wanda zai ɗauki wannan aiki. A 1950 wani Bafaranshe, Octave Mannoni, ya tattara mafarkan yaran Madagaska, waɗanda suke ganin baƙin sa yana bin su, ko sojoji da bindigogi. Ya fassara su da ma'aunin uba da uwa da tsoron rabuwa da majiɓinci. A 1952 Frantz Fanon, likitan ƙwaƙwalwa ɗan tsibirin Martinik, ya mayar masa da martani mai zafi. Ya tuna masa cewa a 1947 Faransa ta murƙushe boren Madagaska da sojojin Senegal, an kashe dubun dubatar mutane. Saboda haka bindigar da yaron ya gani a barci bindiga ce ta gaske, wadda ya gani da idonsa a farke. Idan tsohuwar da ta baro Inugu a 1966 ta ce har yanzu tana mafarkin jirgin ƙasa da ba ya tsayawa, duk wanda ya buɗe ƙamus na alamomi ya ce jirgi yana nufin kaza, ya ci amanar tsohuwar, ya kuma ci amanar ilimi.

Freud kansa ya kai ga wannan gaɓa, sai dai masu yayin ba su bi shi har can ba. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ga sojojin da suke maimaita mafarkin ramin yaƙi dare bayan dare, abin da bai dace da ikirarinsa na farko ba cewa mafarki cikar buri ne. A 1920 ya sake lale. Tun a 1914 ma ya rubuta cewa abin da mutum ya kasa tunawa da baki yakan maimaita shi da aiki. A 1917 ya bambanta makokin da aka yi aka gama da baƙin cikin da ya maƙale ya zama ciwo. A 1967 Alexander da Margarete Mitscherlich suka ɗauki wannan ma'auni suka auna Jamusawan bayan Hitila, suka ce al'umma ce da ta duƙufa gina masana'antu don kada ta zauna makoki. Wannan Freud ɗin, na tunawa da maimaitawa da makoki, shi ne wanda ƙasarmu take buƙata.

A duba maimaitawar. A Fabrairu 2000 rikici ya tashi a Kaduna, gawawwaki suka isa Gabas, aka huce a kan 'yan Arewa a Aba. A Fabrairu 2006 aka kashe Kiristoci a Maiduguri, aka rama a Anaca, aka ƙona masallatai, Hausawa suka tsere ta kan gada zuwa Asaba, wasu suka fake a barikin soja. A Yuni 2017 wasu ƙungiyoyin matasa suka taru a Kaduna suka ba Ibo wa'adin barin Arewa kafin 1 ga Oktoba, daga baya suka janye. Kowane karo zubi ɗaya ne: a taɓa baƙo a nan, a taɓa baƙo a can, mai sayar da kayan gyaran mota a Sabon Gari da mai tsire a Fatakwal su zama jinginar juna. A tsakanin nan kuma aka cire darasin tarihi daga manhajar ƙananan makarantu wajen 2009, aka yi kusan shekara goma kafin a soma mayar da shi. Ko Freud bai isa ya tsara misalin dannewa da ya fi wannan ba.

Wanda yake son ganin yadda ake aron Idifus da basira ya dubi Ola Rotimi, wanda ya koyar a Jami'ar Fatakwal daga 1977. Wasansa The Gods Are Not to Blame an fara nuna shi a 1968, ana tsakiyar yaƙi. Labarin Girkawan ne ya ɗauko, amma tauraronsa ya kashe dattijon da bai san ubansa ba ne saboda rigimar gona, bayan dattijon ya yi wa ƙabilarsa da harshensa ba'a. Rotimi ya karɓi ƙashin labarin ya sa masa naman ƙasarsa: mutum ya kashe jininsa yana zaton baƙo ne. Ga aro na mai hankali.

Masu cewa a bar kaza cikin gashinta

Mun san za a ce mana kaza mai yawan tone-tone ita ke tono wuƙar yanka ta. Amsarmu ita ce wuƙar ba a binne take ba, shekarun da muka lissafa a sama shaida ne. Mikin da aka ɗaure ba a wanke ba, ruɓa yake yi a ƙarƙashin tsumma. Wasu kuma za su ce ra'in Freud batsa ne da rashin addini. Gaskiya ne mutumin bai yarda da addini ba, kuma babu wanda ya ce a karɓi aƙidarsa. Muna amfani da lissafi da likitancin waɗanda ba mu bin addininsu, muna ɗaukar tsaba mu bar ƙaiƙayi. Na uku za su ce masana ilimin ƙwaƙwalwa na yau sun yi watsi da yawancin ikirarinsa. Wannan ma haka ne, shi ya sa ba mu yarda matarki ya mayar da kansa likita ba, ya kwantar da marubucin da ya daɗe a kabari yana lissafa masa cututtuka. Littafi ba majinyaci ba ne, ba ya amsa tambaya, ba ya musu. Abin da ya rage mai amfani shi ne tambayoyi uku da za a yi wa kowane matani: me yake ta maimaitawa, me yake kewayewa, wa ya hana magana?

Akwai dalilin da ya sa wannan shiru ya fi nauyi a wajenmu, kuma wanzami ba ya son jarfa. A labarin 1966 Arewa ta yi rashi, Arewa kuma ta zubar da jinin baƙinta. Mutum yana iya ba da labarin da aka zalunce shi, yana iya ba da wanda ya yi nasara. Wanda ya haɗa hawaye da laifi a ƙwarya ɗaya shi ne ake turawa ƙurya. Adabi kuwa don irin wannan labari aka yi shi, domin shi kaɗai yake iya riƙe abu biyu a hannu ɗaya ba tare da ya yanke hukuncin kotu ba.

Saboda haka kiranmu ga ɗalibai da malaman wannan sashe a fili yake. Mai neman batun kundi ya bar rijiyar tatsuniya ta huta, ya hau motar albasa ya sauka Gariki a Inugu, ko bakin gada a Anaca, ko Oyigbo a gefen Fatakwal. Dattawan da suka ga 1966 da idonsu sun haura saba'in, kullum raguwa suke yi. A nemi izininsu, a saurari labarinsu da waƙoƙin matansu da mafarkansu, a lura da inda suke sauya zance, da inda Hausarsu take juyewa Ibo ko Buroka. A saurari 'ya'yansu, waɗanda a can ake ce musu baƙi, in sun zo Arewa a ce Hausarsu ba ta nuna ba. Masu alƙalamin ƙirƙira kuma, waɗanda wannan mujalla tasu ce, su ba mu gajerun labarai da wasanni da waƙoƙin da Bahaushe da Ibo za su zauna a shafi ɗaya a matsayin mutane, kowa da abin da yake ɓoyewa. Egodi Uchendu ta Jami'ar Nsukka ta rubuta tarihin Musulunci a Gabas a 2011, ta yi nata. Na cikin zuciya kuwa, da harshen waɗanda abin ya shafa, yana jiran masu Hausa. Idan an tara wannan, sai a ɗauko Freud a gwada, a ga inda ya haska da inda fitilarsa ta mutu.